Kwaikwayon layin kes da Python: me ya sa babu mai jira?

Balkissa: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yamma. Mu ƴan shekarar farko an ba mu aiki a darasin koyon rubuta manhaja, da Python. An ce mu kwaikwayi kanti mai kes uku, wato wuraren biyan kuɗi uku: mutane su shigo, su hau layi, a lissafa musu kaya, su biya su fita. A ƙarshe manhajar ta fitar da matsakaicin mintocin da mutum ke jira, sannan mu gwada tsari biyu, wato kowace kes da layinta, ko layi guda da duk kes ɗin da ta sallami nata za ta kira na gaba. Na fara da kes ɗaya don in kama bakin zaren. Na sa mutum na zuwa duk minti 4, mai kes na sallamarsa cikin minti 3. Abin da ya fito: jira sifili, daga na farko har na ƙarshe. Don Allah ina matsalar take?

Laouali: Wa alaikumus salam ƙanwata. Manhajarki lafiya lau take, abin da kika ce ta yi shi ta yi. In mutum na zuwa duk minti 4 cif, a gama da shi cikin minti 3 cif, ai mai kes har minti guda yake samu ya sha ruwa kafin na gaba ya iso. Wa zai jira? Amma mutane ba su zuwa kanti da agogo a hannu. Ki sa random, wato abin da ke fitar da lambobin sa'a a Python.

Rabi: Ni randint(1, 7), mai zaɓo cikakkiyar lamba daga 1 zuwa 7 bisa sa'a, na sa wa tazarar zuwan mutane, randint(1, 5) kuma wa lokacin sallama. Matsakaicinsu 4 da 3 ke nan, daidai da nata. Layi ya fito amma ɗan kaɗan, jiran tsakanin minti 1 da 2.

Mushe Issoufou: Balkissa, wannan sifilin da kika samu kada ki goge shi, ki sa shi a shafin farko na rahotonki. Shi ne rabin darasin. Kin nuna da hannunki cewa in komai na tafiya a kan ƙa'ida guda, babu layi. Rabi kuma ta nuna cewa da an ɗan girgiza lambobin, layi ya bayyana, alhali matsakaici bai motsa ba. Ke nan layi ba daga matsakaici yake fitowa ba, daga rashin daidaito yake fitowa. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Idan mai kes ya zauna minti 6 ba kowa, waɗannan mintocin sun tafi ke nan, ba zai ajiye su a aljihu ya fiddo lokacin da mutum biyar suka sauko daga mota guda ba. Hutu ba ya taruwa, amma jira yana taruwa, na gaba ya gadar wa na baya.

Game da randint, ba laifi ba ne a matsayin gwaji, sai dai tana ɗaure mutane fiye da kima: ba a taɓa yin tazarar da ta wuce minti 7, ba a kuma taɓa samun mutum biyu su shigo kusan tare. Idan mutane na zuwa kowa da ganin damarsa, ba wanda ya san da wani, abin da ya fi dacewa shi ne random.expovariate. Ku kula da tarkon da ke ciki: ba matsakaicin ake ba ta ba, kishiyarsa ake ba ta. Mai son matsakaicin minti 4 sai ya rubuta expovariate(1/4). Wanda ya rubuta 4 zai ga mutane na kwararowa duk sakan 15.

Balkissa: Na gode Mushe. Na canza, duka biyun na sa expovariate. Da mutum 200, karo na farko ta ba ni wajen minti 6, na sake kunnawa ta ba ni 13. Wanne zan rubuta?

Mushe Issoufou: Ko ɗaya. Mutum 200 sun yi kaɗan. Ki sa 100,000 ki gani, za ki tarar yana kewaya minti 9. Na san 9 ne tun kafin ki gwada, domin wannan tsarin yana da lissafinsa a takarda. Mai kes na iya sallamar mutum 20 a awa, masu zuwa 15 ne a awa, wato yana cikin aiki kashi 75 cikin ɗari na lokacinsa. A raba 0.75 da bambancin 20 da 15, a samu 0.15 na awa, minti 9 ke nan. Ki kuma sa random.seed da wata lamba a saman manhajar lokacin da kike neman kuskure, don lambobi iri ɗaya su riƙa fitowa. In kin tabbatar komai daidai ne sai ki riƙa canza lambar, ki kunna sau da yawa, ki nuna wa malaminku daga ina zuwa ina sakamakon ke kaiwa.

Sani: Ku yi mini haƙuri in sa baki. Ni wanga aiki bai kwanta mini ba tun ranar da anka ba mu shi. Kanti nawa ne a Tahoua mai kes uku da mutane ke turo amalanken kaya suna bin layi ɗaya bayan ɗaya? Wanga littafin Faransa ne anka kwaho muna. Ka tahi kasuwa ran Lahadi ka gwada mini layi guda. Mai shago na auna ma wanga sukari, yana ciniki da wancan, yana aiken yaro neman canji, duk lokaci guda. Da an ce mu rubuta manhajar da ka riƙe lissahin bashin shago, ko ta buhunan albasa da ka tashi daga Galmi, da na ce an koya muna abin da za mu ci abinci da shi.

Laouali: Sani, bara ma an yi irin wannan ƙorafin. Aikin ba don kanti aka ba ku shi ba. Ana so ne ka haɗa maimaici, da sharaɗi, da jerin bayanai, da lambobin sa'a a wuri guda. Kanti riga ce kawai aka sa wa darasin.

Sani: To in riga ce, mi ya hana a sa mai tamu?

Hadiza: Ƙanena Sani, tambayarka tana kan hanya, amma cewa ba mu da layi ban yarda ba. Ni a farmasi nake aiki nan Yamai, bari in faɗa maka yadda take. Mutum ya shigo da takardar likita, ya tsaya wurin mai duba magani, a buga masa farashi. Daga nan ya koma kes ya biya. Sannan ya dawo da rasit a miƙa masa ledarsa. Layi uku ke nan a jere, ɗaya na zuba wa ɗaya. Masu duba magani su uku ne, kes kuwa guda ce. Da misalin ƙarfe bakwai na dare, bayan an fito magariba, sai ka ga gaban kanta ba kowa, amma gaban kes an cika har bakin ƙofa. Kuma abin da ke riƙe kes ba lissafi ba ne, injin yana yinsa nan take. Canji ne. Maganin jika biyu da dala talatin, mutum ya miƙo takardar jika goma. Mai kes ta buɗe aljihun tebur, ta girgiza gwangwanin silalla, ta ɗaga kai ta ce wa ke da dala ashirin, kowa ya hau lalube aljihu. Mutum tara za su wuce cikin minti ɗaya ɗaya, na goman ya cinye minti 8. Ga kuma wanda kuɗinsa bai kai ba, ya tsaya nan gaban kes yana kiran ɗan uwansa a waya, ko ya ce a cire masa magani ɗaya, a sake buga takarda. Ba wanda zai ce masa ya matsa, don kowa ya san mara lafiya ya baro a gida.

Je wurin aika kuɗi ƙarshen wata, je gidan mai, je wurin yankar tikitin mota ana gobe sallah. Layi muna da shi har ya yi mana yawa.

Mushe Issoufou: Malama Hadiza, Allah ya saka da alheri, kin ba su abin da littafi bai ba su ba. Wannan na goman da kika ce, a lissafi ma an san ɓarnarsa. A misalin Balkissa, da a ce kowa minti 3 daidai ake sallamarsa, zuwan mutane kuma ya ci gaba da zama na sa'a, jiran zai sauko daga minti 9 zuwa 4 da rabi. Rabi cif, ba tare da mai kes ya ƙara sauri ko na sakan ɗaya ba. Ma'ana, mai farmasin da ya tanadi silalla tun da safe ya rage wa mutane jira ko da bai ɗauki sabon ma'aikaci ba. Ku gwada a manhajarku: kashi 90 cikin ɗari minti 1, sauran 10 ɗin minti 8, ku kwatanta da wadda kowa ke cin matsakaicin nasu.

Mahamadou: Gaisuwa ga kowa, Mushe ina wuni. Sai yanzu na taso daga aiki na ga zancen. Sani, ni a fannin sadarwa nake, kuma wannan darasin da kake ganin na kanti ne, asalinsa namu ne. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, Agner Krarup Erlang, yana aiki a kamfanin tarho na birnin Kopenhagen, shi ya fara wallafa lissafin a 1909. Tambayarsa ita ce layukan waya nawa za a shimfiɗa don kada mai kira ya riƙa tarar da duka a cike. Har gobe ma'aunin cunkoson kira sunansa erlang, da shi muke aiki. Ranar sallah da ka buga wa Inna waya aka ƙi shiga, layin kes ne ka tarar a cike, sai dai ba ka ganinsa da ido.

Wani abin kuma, tunda kun kusa shiga darasin class, wato haɗa bayanan abu da ayyukansa wuri guda a manhaja: harshen da ya fara kawo wannan tunanin sunansa Simula, ƴan Norway biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka ƙirƙiro shi a shekarun 1960, kuma don irin wannan kwaikwayon suka yi shi. Suna neman hanyar da kowane mai jira zai riƙe bayanansa da kansa, yaushe ya zo, me yake so. Daga nan abin ya bazu zuwa C++ da Java da Python ɗin da ke hannunka.

Abin da nake so ku gwada da kanku shi ne ku riƙa ƙara yawan masu zuwa a hankali, mai kes yana nan a kan mutum 20 a awa. Da mutum 10 a awa, jira minti 3. Da 16, minti 12. Da 18, minti 27. Da 19, minti 57. Dubi tsakanin 18 da 19, mutum ɗaya tak aka ƙara a awa, jira ya ninka har da ɗori. Shi ya sa duk shugaban da ya ce ba ya son ganin ma'aikacinsa zaune ko na minti ɗaya, to ya zaɓa wa mutane dogon layi, ko ya sani ko bai sani ba.

Rabi: Yaya Mahamadou, in an kai 20 fa?

Mahamadou: Daga 20 zuwa sama babu wani matsakaici da zai tsaya, ƙanwata. Duk yadda kika tsawaita gwajin, layin ƙaruwa zai yi ta yi. A zahiri abin da ke ceton wurin shi ne a rufe da dare, ko mutane su gaji su tafi.

Sani: Yaya na ji, kuma na yarda lissahin na da amfani. Amma ku duba, duk abin da kunka hwaɗi an gina shi kan cewa wanda ya riga zuwa shi ka riga tahiya. Mu nan ba haka muke ba. Dattijo ya shigo, ai ba ka barinai tsaye bayanka. Mace da goyo haka. Wani ya aje takalmi ko katinai ya tahi sallah ya dawo ya ce nan nake. Wani wurin layin maza daban na mata daban, mai kes guda, ya ɗauki nan ya ɗauki can. In na rubuta abin da littahi ya ce na ci maki, amma ƙarya na kwaikwaya.

Mushe Issoufou: To yanzu ka zo inda nake so, Sani. Babu abin da ya hana ka rubuta wannan, kuma ba shi da wuya. Kowane mai zuwa ka ba shi alama, dattijo ne ko a'a, da random.random(). Ka riƙe jeri biyu. Duk sanda kes ta sami sarari ta fara duba jerin dattawa, in babu kowa ta koma ɗayan. Zan faɗa maka abin da za ka tarar, ka je ka ƙaryata ni in ka iya. Muddin dattijo da yaro lokacin sallamarsu iri ɗaya ne, matsakaicin jiran jama'a duka ba zai canza ba. Na dattawa zai faɗi ƙasa sosai, na saura ya ɗan hau, jimilla tana nan inda take. Girmama manya ba ya ƙara wa layi tsawo, rabon jiran kawai yake sauyawa, kuma rabo ne da mu muka yarda da shi. Inda matsakaici ke sauka da gaske shi ne idan aka fara sallamar masu ƙaramar buƙata, kamar mai sabulu ɗaya a gaban mai kayan wata guda. Amma can ma akwai wanda ke biyan kuɗin abin: mai kaya da yawa zai iya daɗewa ana tsallake shi. Don haka kada ku tsaya kan matsakaici kaɗai. Ku fitar da wanda ya fi kowa daɗewa, ku kuma fitar da adadin waɗanda suka wuce minti 20.

Hadiza: Wannan na ƙarshen shi ne gaskiya. Ba wanda ya taɓa yi mini faɗa a kan matsakaici. Wanda ya ga an sallami wanda ya zo bayansa, shi ne ke ɗaga murya.

Balkissa: Na koma kan kes uku, sai dai kaina ya ɗaure. Ina tafiyar da agogo minti ɗaya ɗaya, amma expovariate na ba ni lambobi irin 2.37. In na mayar da su cikakku, wasu na zama sifili.

Laouali: Hanya biyu ce. Ko ki riƙa ƙirga sakan maimakon minti, ko ki bar agogon gaba ɗaya ki riƙa tsalle daga mutum zuwa mutum. Ta biyun ta fi sauƙi. A kes ɗaya layin rubutu uku ne kacal:

fara = max(zuwa, kes_ta_gama)
jira = fara - zuwa
kes_ta_gama = fara + sallama

A layi guda mai kes uku kuma, ki riƙe jeri mai lamba uku, lokacin da kowace kes za ta gama. Mutum ya zo, ki nemo mafi ƙanƙanta da min, ki ba shi ita, ki sabunta. Ga su Sani da za su riƙe mutane a jeri saboda dattawa, su yi amfani da deque, wani nau'in jeri daga collections, su cire na gaba da popleft. pop(0) ma na aiki, amma duk cirewa sai ta matsar da sauran jerin gaba ɗaya, in layin ya yi tsawo za ka ji a jikin wayarka.

Rabi: Ni ma a waya nake yi, da Pydroid, in an ɗauke wuta ko ɗakin kwamfuta ya cika. Mutum 100,000 ba ya ɗaukar ta lokaci. Amma na ga wani abu wai shi SimPy, an ce don wannan aikin aka yi shi. Ba za mu iya sa shi mu huta ba?

Mahamadou: Yana da kyau, ni ma ina amfani da shi. Amma ba bana ba. Shi zai riƙe miki agogo da layi a ɓoye, alhali abin da ake so ki gani ke nan. Ki rubuta naki da hannu tukuna.

Balkissa: Alhamdu lillahi ta tashi. Na sa mutum 48 a awa, kes uku. Layi guda ya ba ni minti 3 da ɗan wani abu. Kowace kes da layinta kuma ya ba ni kusan 12. Anya bambancin ya kai haka?

Mushe Issoufou: Lambobinki sun yi daidai da takarda, lissafin Erlang na ba da wajen minti 3 da kwata, ɗayan kuma 12. Amma faɗa mini, a tsarin layi uku yaya mutum ke zaɓen layinsa?

Balkissa: Da random.choice, kowace ta faɗo masa.

Mushe Issoufou: To nan ne. Mutumin naki ya rufe ido ya shiga layi, ko da kes ta kusa da shi ba kowa, kuma ya kafe a nan har ƙarshe. Wa ke yin haka? Ki sa ya zaɓi layin da ya fi gajarta, za ki ga 12 ɗin ta zube, ta matso kusa da ta layi guda. In kika bar na ƙarshen layi ya sauya sheƙa duk sanda ya ga wata kes ta yi sarari, bambancin matsakaici kusan ɓacewa zai yi. Abin da layi guda zai ci gaba da fi da shi shi ne adalci: ba wanda zai maƙale bayan mai neman canji yana kallon waɗanda suka zo bayansa suna fita. Ki kawo duka ukun a rahoton, ki faɗi abin da kika ɗauka game da halin mutane a kowanne.

Akwai kuma awon da za ki tabbatar manhajar ba ta yi miki ƙarya ba, dokar Little, wadda John Little ya tabbatar a 1961: matsakaicin mutanen da ke layi daidai yake da yawan masu zuwa a minti sau matsakaicin jiransu. A kes ɗayanki ta farko, mutum ɗaya duk minti 4, jira minti 9, ke nan mutum 2.25 a layi. In kin ƙirga tsawon layin daban kika ga ya kauce da nisa, akwai kuskure a wani wuri.

Sani: Mushe, ni dai ga abin da za ni yi. Za ni rubuta na kes ukun yadda anka ce, don shi anka tambaya. Sannan in ƙara kashi na biyu da layin dattawa, da matsalar canji, da wanda ya leƙo ya ga mutane ya juya. Amma lambobin hwa? In na ce kashi 10 cikin ɗari ka neman canji, daga kaina na hiddo shi.

Hadiza: Sai ka je ka ƙirga. Ka sami farmasi ko wurin aika kuɗi can Tahoua, ka gaida mai wurin, ka gaya masa aikin makaranta ne. Ka zauna gefe da littafi da agogon waya, ka rubuta abu uku ga kowane mutum: sanda ya shigo, sanda ya isa kes, sanda ya bar ta. Ban da suna, ban da hoto, musamman a farmasi. Kuma kada ka je da hantsi kawai ka ce ka ga wurin. Ka je da hantsi, ka koma bayan magariba, za ka rantse wuri biyu ne daban.

Mahamadou: Ƙari a kan na Hadiza, in ka samo lambobin ba dole ne ka tilasta musu shiga expovariate ba. Ka zuba lokutan sallamar da ka auna cikin jeri, manhajar ta riƙa ɗiba daga ciki da random.choice. Yawan masu zuwa kuma ka bar shi ya canza da awa, kada ka ba yini duka lamba ɗaya.

Rabi: Sani in za ka je ka faɗa mini, mutum ɗaya ba zai iya kallon ƙofa da kes lokaci guda ba. Ni in riƙe masu shigowa, kai ka riƙe kes.

Sani: To madalla. Sai mu tambayi malam gobe ko ya yarda mutum biyu su yi tarayya kan lambobi, kowa ya rubuta manhajarsa.

Balkissa: Tambaya ta ƙarshe Mushe. In na ce kantin na rufewa bayan awa 8, waɗanda ke cikin layi lokacin rufewa in ƙirga su ko in bar su?

Mushe Issoufou: Ki rufe ƙofa, kada sabo ya shigo, amma ki bar kes ta sallami na ciki duka, ki sa su a lissafi. In kika zubar da su, kin zubar da mutanen da wataƙila sun fi kowa jira, sakamakonki zai fito da kyau fiye da gaskiya. Ki rubuta ma minti nawa kes ta ƙara bayan rufewa, mai kanti zai so ya san wannan.